Layin Ragowa

Ina kan keken ɗinkina ranar da aka sare mangwaron gidan Manaja. Ƙarar zarton inji ce ta tsayar da ƙafata. Katanga ɗaya ce tsakanina da su, kuma wani sashe na inuwar bishiyar a tsakar gidana yake sauka, don haka ban tsaya neman mayafin fita ba, na yafa yadin mutane da nake ɗinkawa na shiga.

Na samu Gwaggo tsaye a bakin ɗakinta ta dafa ƙyaure. Yayar mahaifin Manaja ce, ita ta goya shi bayan uwarsa ta rasu, ita kuma Allah bai ba ta nata ba. Ɗakinta ne na ƙarshe a bayan gida, rufin kwano, ba silin. Mangwaron ne yake yi mata aikin silin tun da can.

"Goyona," ta ce. Haka take kiransa har yau da ya ajiye tumbi da furfura. "Me bishiyar ta yi maka?"

"Ba ta yi komai ba, Gwaggo. Sola za a saka. Mai sola ya ce farantan solar ba sa son inuwa, kuma da rana ta karkata bishiyar nan rufe mana saman gini take yi."

"To a rage mata rassa mana."

"Rage rassa aikin baya ne, baɗi ta sake tofowa. Ki kwantar da hankalinki, fanka zan sa miki sabuwa dal, mai juya kai. Wuta ba ɗaukewa. Wallahi sai kin nemi bargo."

Gwaggo ta tsaya tana kallo har gangar bishiyar ta kwanta, sannan ta duƙa ta tsinci ɗanyun 'ya'ya biyu da suka gangaro gabanta ta shige ɗaki.

Kada wani ya ɗauka ina ƙin sola ne. Unguwarmu ta sha wuyar kamfanin wuta, a kawo kana wanka a ɗauke kafin ka goge jiki. Janareta kuwa ta hana mu jin sallamar baƙo, ga hayaƙi, ga mai ya yi tsada. Da farantan suka hau saman ginin Manaja suna ƙyalli, ni ma sai da na ce Allah ya sa mu a danshinsu. Mutumin ya yi dabara: rana kyauta ce, garin zafi ne, kowa na neman ƙanƙara. Ya sayo firiza ya fara daskarar da ruwa a leda yana sayar wa masu shaguna.

Fankar ma ta zo, ban yi masa ƙarya ba. Fara ce mai tsayawa da ƙafarta. Gwaggo ta kira ni na zo na gani, tana zaune a gabanta ta rufe ido, gefen ɗankwalinta yana kaɗawa.

"Tela, kalli mai ladabi," ta ce. "Ta gaida dama, ta gaida hagu, kamar mai sallame salla."

Daɗin bai kai ko'ina ba. Kasuwar ƙanƙara ta buɗe, firiza ta biyu ta shigo, ta uku ta biyo ta. Farantan kuwa suna nan yadda suke, ba a ƙara ko ɗaya ba. Daga nan na fara jin wani kuka ta katanga, ƙiit, ƙiit, kamar ɗan tsako ya ɓace wa uwarsa. Inbata ce, akwatin da ke raba wutar, wadda aka kafe a bangon baranda kusa da batura. Da ta yi kukan, sai fankar Gwaggo ta yi sanyi da juyi, ta tsaya tana kallon bango.

Matar Manaja, wadda kowa ke kira Anti, ita ta yi mini bayani tana ƙulla ledojin ruwa. Ta ce mai sola ya raba gidan layi biyu. Akwai layin dole, wanda ba ya yankewa: firizoji, falo, da ɗakinsu. Akwai layin ragowa, wanda ke samu idan na dole ya ƙoshi. Da lodi ya yi yawa, inbata da kanta take yanke ragowa don kada batir ya mutu.

"Su wa ke kan ragowar?" na tambaya.

"Fitilar bayi, da ta waje, da ɗakin baya."

Gwaggo tana zaune kusa da mu tana fifita da murfin kwali. Kalmar lodi ce ta tsaya mata, don kullum ita take ji a gidan. A rage lodi, lodi ya yi yawa, wa ya ƙara lodi.

"Ni kam wace ce wannan Lodin da ta hana kowa sakat?" ta ce.

Anti ta yi dariya har ledar hannunta ta zube. Ta ce lodi kaya ne, duk abin da ke cin wuta, wanda inji ke saukewa idan ya gaji.

"Au," in ji Gwaggo. "Ashe ni ce."

Muka yi dariya mu duka, har da ita. Daga baya ne dariyar ta daina yi mini daɗi, da na ji yaran gidan suna kiran ta Gwaggo Lodi, uwarsu tana ji ba ta tsawatar ba.

Bazara ta shigo da ƙarfinta. Wanda bai taɓa zama ƙarƙashin tsirarar kwano da tsakar rana ba ba zai gane ba. Na shiga ɗakin wata rana bayan azahar don in gwada mata rigar da na rage wa wuya, ban kai ga ɗaura igiyar awo ba na fito. Ruwan butarta ya yi ɗumi kamar an ɗora a wuta, man shafawarta ya narke ya malale a kan akwati. Wuyanta da bayanta duk ƙurajen zafi, ga hawan jini da take fama da shi dama. Fankar tana tsaye a kusurwa, an rufa mata tsumma don kada ta yi ƙura.

Da yamma Manaja ya dawo, Gwaggo ta tare shi a baranda ina tsaye.

"Goyona, mai ladabin nan ta daina gaisuwa."

"Gwaggo, ba ni nake kashewa ba. Ga Anti nan ki tambaye ta, ko taɓa makunnin ba na yi. Inji ne yake yankewa da kansa."

"To ka ce masa ya bari."

"Inji ba ya jin magana, haka Bature ya ƙera shi. Ki ƙara haƙuri, zan ƙaro farantai. Da damina ta sauka ma sai kin manta da wannan."

"Allah ya kai mu," ta ce.

Ya shige falo. Kafin ya rufe ƙofa iskar fankar sama ta biyo shi ta taɓa mu, na hango talabijin ɗin nan mai faɗin tabarma yana ta magana shi kaɗai, ba kowa a gabansa.

Daga nan Gwaggo ta koma bin inuwa. Da hantsi ta ja tabarmarta jikin katangar gabas, inuwar ta yi ta tsukewa har ta koma faɗin tafin hannu. Ta ja ta koma ƙarƙashin tankin ruwa, inda ɗigo ke jiƙa ƙasa, sai Anti ta ce wurin wanke ledoji ne. Ta ja zuwa zaure, Manaja ya ce masu sayen ƙanƙara suna shigowa da kuloli, bai dace su riƙa tsallake tsohuwa ba, za su ce gidan ba tsafta. Ni ina kan keke, amma kunnena na can. Na san sautin jan tabarmar nan a kan siminti, shuu, ta tsaya ta huta, shuu. Sau nawa na ɗinka hannun riga a baibai saboda shi.

Falo kuwa sau ɗaya ta gwada. Ta zauna a ƙasa gefen kujera, ba ta ma hau ba. Anti ta zo ta same ta.

"Gwaggo, ba korar ki nake ba, Allah ya sani. Amma kin ga maigidan yana karɓar baƙi a nan, ga tarin nan naki. Kuma jikin tsofaffi ba ya son iskar fanka da yawa, sanyi take sa wa ƙashi. Ku da kuka tashi ba wuta, ai kun fi mu juriya."

"Mun tashi ba wuta," in ji Gwaggo, "amma mun tashi da bishiya."

Ta miƙe da ƙyar ta fito. Anti ta gaya mini wannan da bakinta, wai don in ga irin baƙar maganar da take haƙuri da ita.

Na ce da Gwaggo ta riƙa zuwa wurina. Gidana ba wani abin kirki ba ne, ɗaki da rumfa, amma rumfar ta katako ce kuma iska na ratsawa. Ta zo, ta kwanta kusa da keke, na jiƙa mata zane na rufa mata a ƙafa, ta yi barci har da minshari. Da ta farka ta taya ni warware ɗinki, tana ba ni labarin yadda Manaja yake yaro ba ya barci sai a bayanta, ko an sauke shi sai ya farka. Ba ta faɗe shi da zafi ba, da dariya ta faɗa. Ni ce zuciyata ta yi ta tafasa.

Kwanakin ba su yi yawa ba labari ya kai kunnensa. Wani cikin masu saye ya yi masa barkwanci, wai gidan mai sola amma tsohuwarsa tana zuwa maƙwabta shan iska. Ran nan na ji muryarsa ta katanga.

"Gwaggo, tona mini asiri kike so ki yi? Me na rage ki da shi? Ci ne ko sha? A ce kina yawon gidajen mutane kamar ba ki da kowa."

Washegari aka sa wa ƙofar gida kwaɗo daga ciki, mabuɗin yana ƙugun Anti. Dalili kuwa wai ɓarayin batura sun yi yawa a gari, an shiga wani gida da rana tsaka. Masu sayen ƙanƙara su ƙwanƙwasa a buɗe musu. Gwaggo ba a ce kada ta fita ba, ko kaɗan. Sai dai ta nemi mabuɗi, Anti kuma ko tana wanka, ko tana barci, ko hannunta da ruwa.

Na tare Manaja a bakin titi yana ɗaure kula a bayan babur. Na gaishe shi yadda ya kamata, na tambayi kasuwa, sannan na ce, "Maƙwabci, ɗakin Gwaggo ba ya zaunuwa. A mayar da ita layin dole mana. Fanka ɗaya ce."

Ya ja igiyar ya ɗaure kafin ya amsa.

"Tela, ke ba ki san harkar nan ba. Ba a taɓa waya haka kawai. Sai an kira mai sola, shi kuma yanzu ganinsa sai an cika takarda, kowa na saka sola. Kuma in aka taɓa tsarin, garantin batura ya tashi. Kin san abin da batir ɗaya yake nufi?"

"Ban sani ba. Na dai san abin da Gwaggo take nufi."

Fuskarsa ta canza. "Wa yake ciyar da ita? Wa yake sayen maganinta? Da ƙanƙarar nan nake yi. In firiza ta tsaya, maganin ma ya tsaya. Don ita nake wannan wahalar. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, ki bar shiga sharo ba shanu."

"To a kashe talabijin da rana, a ba ta wutar."

"Layinsu ba ɗaya ba ne," ya ce, ya buga babur ya tafi.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne ba mugu ba ne irin wanda za ka nuna da yatsa. Ba ya zaginta, ba ya hana ta abinci, da safe sai ya durƙusa a bakin ƙofarta ya gaishe ta. Da safe ɗakin da sanyi-sanyinsa. Ban taɓa ganin ya je gaisuwar da rana tsaka ba.

Na koma yi mata abin da zan iya ta saman katanga. In taka tsohon bokitin fenti, in miƙa mata jiƙaƙƙen zane da kofin ruwan randa. Kullum ƙarfinta yana ƙara raguwa. Ta daina jan tabarma da nisa, ƙafafunta sun kumbura, sai ta zauna a dokin ƙofarta, rabin jiki ciki rabi waje, tana buɗe baki kamar kaza. Abinci ya daina shiga. Ta ce kanta yana sarawa, idonta yana ganin hazo.

Wata rana na ji tana roƙon Anti ƙanƙara, ko ɓalli ɗaya ta sa a ɗankwali.

"Gwaggo, ta oda ce, an ƙirga. In na buɗe firiza yanzu sanyi ya fice, lodi ya ƙaru, fankarki ma ta ƙara daɗewa ba ta dawo ba. Ki bari anjima in an kwashe, in akwai wadda ta fashe zan kawo miki."

Da na leƙa, Gwaggo ta ɗago ta dube ni ta yi murmushi.

"Tela, kin ji ko. Ƙanƙarar ma ragowa. Da Goyona yana ƙarami shi yake fara ci, in ya ture kwano in ci abin da ya bari. Ban san abin zai bi ni har tsufa ba."

"Zan sake yi masa magana, Gwaggo."

"Kada ki yi. Yaron yana da nauyi a kansa. Damina ta kusa."

Kullum sai ta tambaye ni ko na ga hadari. Daga bakin ƙofarta ba a ganin gabas, ginin ya tare. Ni kuma in ce akwai alama, ko da sama fes take kamar an wanke ta.

Ranar da abin ya faru, tun hantsi garin ya tsaya cik, ko ganye ba ya motsi, ga shi dama ba ganyen. Inbata ta fara kukanta da wuri, don wani mai biki ya yi odar ƙanƙara mai yawa an cika firizojin da sabon ruwa. Na kasa zama. In ɗinka kaɗan in tashi, in sha ruwa in dawo. Can na lura tun ɗazu ban ji tarinta ba, ban ji shuu ɗin tabarma ba. Na taka bokiti na leƙa. Ba ta dokin ƙofa. Takalmanta suna nan a jere, labule a sake.

"Gwaggo," na kira. Na sake kira. Ba amsa sai ƙiit, ƙiit.

Na zaga na yi ta dukan ƙofar gidan har hannuna ya yi zafi. Anti ta buɗe tana miƙa, da shatin matashi a kumatunta, jikinta da sanyin falo. Na wuce ta na nufi ɗakin baya.

Gwaggo tana kwance a ƙasa gefen gado, kusa da ƙafar fankar. Ta cire mata tsumman. Ina jin ta je ta danna ne ko za a dace. Jikinta zafi rau kuma a bushe, ba ɗigon gumi, idonta a buɗe amma ba ta gane ni ba, bakinta yana motsi ba magana.

Na ƙwala wa Anti kira, sai ga firiza ta buɗu. Anti ta yi ta kwaso ƙanƙarar oda da hannu bibbiyu tana kuka, muna fasawa muna jera mata a wuya da hammata. Ƙanƙarar da aka hana ta ɓalli ɗaya, ga ta nan har tana narkewa tana bin siminti. Manaja ya iso a guje, ya sunkuya ya ɗauke ta, ya rasa yadda zai riƙe ta, sai ya juya ya goya ta a bayansa zuwa motar da aka tare. Na ga wannan da idona, kuma ban ji tausayinsa ba. Ihu ne bayan hari.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta taɓa goshinta ta dube mu ɗaya bayan ɗaya.

"A ina take kwana?"

"A gida," in ji Manaja. "Muna da sola ma."

Matar ta ja labule. Gwaggo ba ta farfaɗo ba. Kafin la'asar ɗin washegari ta cika, a ƙarƙashin fankar asibiti da ke juyawa a kanta.

An yi zaman makoki na gani na faɗa. Da yake ba inuwa a gidan, Manaja ya yi hayar rumfuna aka kafa daidai inda kututturen mangwaron yake. Ya dakatar da ciniki, ya sa aka riƙa zagawa da ruwa mai ƙanƙara a manyan kuloli, sadaka ga Gwaggo. Mutane suna sha suna sa albarka. Na ji wata tana cewa tsohuwar nan ta yi dace da ɗa, ba ita ta haife shi ba amma dubi yadda ya riƙe ta, har sola ya saka mata. Wani dattijo ya ce zafin bana ne, ya kwashe tsofaffi da yawa, kwana ne ya ƙare. Manaja yana share hawaye yana gyaɗa kai. Hawayen na gaske ne, wannan ma ban yi masa ƙarya ba. Aka miƙo mini kofi na ce na ƙoshi.

Bayan an watse da 'yan kwanaki, Anti ta aiko in zo in ɗauki kayan sawar Gwaggo in raba wa mabuƙata, tunda na san masu son su. Na shiga na tarar da gidan cike da ma'aikata. Kafinta yana kan tsani a ɗakin baya yana buga silin. An fitar da gado da akwati an jingine a waje, an fasa bango an ƙara taga. Wani mutum mai jakar kayan aiki a kafaɗa yana tsaye gaban inbata, ya buɗe murfinta. Mai sola ne, wanda aka ce ganinsa sai an cika takarda.

Manaja ya gan ni ya ɗan sosa ƙeya.

"Baturan za mu mayar ciki," ya ce. "Baranda rana na dukan su. Ga firiza ɗaya ma za ta shiga, a samu fili."

Mai sola ya waiwayo. "Ɗakin nan dai sai an gyara shi sosai, Manaja. Na shiga ɗazu na fito ba shiri. Batir ba ya son zafi, in ka ajiye shi a nan haka, kafin damina ya mutu. Silin, taga, da fanka a kansa dare da rana."

"Duk za a yi," in ji Manaja da sauri. "A mayar da ɗakin layin dole."

Na ajiye ƙullin kayan na tsaya. Mutumin ya zaro sukundireba daga aljihu, ya kwance wata jar waya daga ƙasa, ya ɗaga ta sama kaɗan, ya cusa a wani rami, ya ɗaure. Ko gumi bai yi ba. Ya mayar da murfi ya kaɗe hannu.

"Shi ke nan?" na ce.

"Shi ke nan, Hajiya."

"Garantin bai tashi ba?"

Ya yi dariya. "Wane garanti? Waya ɗaya ce. Tun ranar da na haɗa na tambaya me ke ɗakin baya, aka ce ba wani abu mai muhimmanci, a sa a ragowa. Na ɗauka sito ne."

"Da fanka ɗaya aka bari a kan layin dole fa, tun farko? Da batir ya mutu?"

"Fanka? Me fanka take ci? Talabijin ɗin falon nan ya ci biyunta." Ya dubi gadon da ke jingine a waje, ya dubi takalman da ke kan ƙullin kayana, sai dariyar ta ɗauke daga fuskarsa. "Da mutum a ciki ne?"

Anti ta shige kicin. Manaja ya zaro waya ya kara a kunne, ban ji ta yi ƙara ba.

A cikin ɗakin wani abu ya fara motsi. Fankar ce. Tun ranar da Gwaggo ta danna ta ba wanda ya kashe, wuta kawai take jira. Ta ɗauki juyi a hankali, ta kaɗa ƙurar katakon kafinta, ta gaida dama, ta gaida hagu.

"Madalla," in ji kafinta daga kan tsani. "Yanzu mutum zai iya aiki a nan."

Na ɗauki ƙullin na nufi ƙofa. Manaja ya sauke wayar ya biyo ni da murya ƙasa-ƙasa, wai in yi haƙuri, wai shi ma bai san abin zai kai haka ba, ya ɗauka za ta kai damina.

"Ka kula da baturan, maƙwabci," na ce. "Kada ka bari su jira damina."

Na koma kan kekena na kasa taka shi. Daga ranar har yau ban sake jin fankar nan ta tsaya ba. Ina jin ta ta katanga, da rana tsaka, tana fifita batura.